Sukar ƙaya da mace mai ciki

A ƙasar Madawa, Buza da Keita, mace ba ta rabuwa da ƙaya. Wajen icce ƙaya, wajen gona ƙaya. Akwai wata cuta mai shiga jiki ta wurin sukar ƙaya. Likitoci suna ce mata misetom. A shekarar 2016 ƙungiyar lafiya ta duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Wani irinta funfuna ce mai zama cikin ƙasa. Da fari ɗan ƙulli ne a ƙafa, babu zafi. Shi ya sa ake rena shi. Bayan watanni ko shekaru sai ƙafa ta kumbura, ta yi ƴan ramu masu fidda ruwa da ƴan tsaba. Baƙar tsaba alamar funfuna ce. In cutar ta kai ga ƙashi, wani lokaci sai an yanke ƙafa.

Ga mai ciki abin ya fi wuya. Likitocin Sudan sun lura cutar takan ƙara ƙarfi lokacin ciki. Maganin irin ta funfuna kuma, itrakonazol, ana shan shi wata da watanni, kuma yana iya lahanta ɗan da ke ciki. Likita kaɗai ke faɗin lokacin fara shi.

Mace mai ƙulli a ƙafa ta nuna shi ranar awon ciki, ko ba a tambaye ta ba. Wadda ke shan maganin, in ta yi ɓatan wata, ta koma asibiti maza. Kada wanzami ya tsaga ƙullin. Mai gida kuma ya saya mata takalmi mai rufe ƙafa.