Sabo da Hankali a Mu'amalar Yau da Kullum

Gabatarwa

Mafi yawan abin da mutum yake faɗa ko yake aikatawa a cikin jama'a, sabo ne yake tafiyar da shi. A tambayi majinyaci yadda ya kwana, sai ya ce lafiya lau, tun kafin ya tuna cewa bai runtsa ba. Wannan tanadi ne mai amfani, domin da a ce ƙwaƙwalwa tana auna kowace kalma, da ta gaji kafin azahar. Sai dai sabo yana da ranar da yake jawo wa mai shi asara.

Gwajin Injin Fotokwafi

A shekarar 1978, Ellen Langer, masaniyar halayyar ɗan Adam ta Jami'ar Harvard a Amurka, da abokan aikinta biyu, suka wallafa sakamakon wani gwaji. Mai bincike yakan tarar da mutum yana shirin amfani da injin fotokwafi a ɗakin karatu, sai ya roƙe shi ya bar shi ya fara, yana mai cewa shafi 5 kawai gare shi.

Idan roƙon bai zo da dalili ba, kashi 60 cikin ɗari ne suka amince. Idan ya ce sauri yake yi, sai adadin ya kai kashi 94. Idan kuwa ya kawo dalilin banza, wato yana so ya fara domin yana da takardun da zai kwafa, kashi 93 suka amince, alhali kowa a wurin abin da ya kawo shi ke nan.

Da aka mayar da shafukan 20, sai lamarin ya sauya. Dalilin banza bai fi rashin dalili ba, kowanne kashi 24, dalili na gaskiya kuwa kashi 42.

Abin Lura

Idan buƙata ƙarama ce, kunne yakan ji kalmar "domin", baki ya amsa, hankali yana barci. Idan ta yi nauyi, sai a farka a auna dalilin. Haɗarin yana wurin abubuwan da suke da kamar ƙanana alhali manya ne: sa hannu a takarda, tsaya wa wani a bashi, yaɗa labarin da ba a tantance ba, ko karanta wa baƙon murya lambar sirri ta banki a waya domin wai za a gyara asusu.

Kammalawa

Saboda haka, kafin mai karatu ya amsa kowane roƙo, ya dakata numfashi guda, ya maimaita dalilin a ransa da nasa kalmomin. In ya ga dalilin ya tsaya da ƙafarsa, ya amsa. In babu komai a cikinsa, ya nemi ƙarin bayani cikin ladabi. Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce. Allah ya sa mu dace.