Ɗan cirani, kada ka bar gida cikin zulumi

Ɗan'uwa, kafin ka bar Garwa ka hau jirgin ƙasa a Ngaundere zuwa Yawunde, zauna da uwargida ku yanke magana. Rashin tabbas ne ke cin zuciyar iyali: yaushe kuɗi zai zo, nawa ne, hannun wa zai shiga?

Tsayar da rana guda a wata ta tura kuɗi, ko da abin kaɗan ne. Tura kuɗin cefane ta Orange Money ko MoMo kai tsaye zuwa wayar matarka, na mahaifiya kuma daban. Gidaje da yawa sun rikice don kuɗin ya bi ta hannun ƙanin miji, mace tana roƙon haƙƙinta. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Agusta da Satumba sun fi tsanani: rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya yawaita, ga hidimar komawa makaranta. Fara tanadi tun bazara.

In ka kira, nemi yara ɗaya bayan ɗaya, ka tambayi karatunsu. Watan da aiki ya tsaya maka a unguwar Briketeri ta Yawunde, faɗa wa matarka gaskiya da wuri, ta san yadda za ta lallaɓa sauran hatsi.