Lemun Tsami Da Zanen Jikin Jirgi: Darasi Daga Tarihin Ingila

Duk babban jirgin ruwa na kasuwanci da ke yawo a tekunan duniya, in ka duba haƙarƙarinsa daidai tsakiya, za ka ga an zana wata da'ira da fenti, da wani layi a kwance ya ratsa ta. Wanda bai sani ba sai ya ce ado ne, alhali kuwa doka ce. In aka yi wa jirgi lodi har ruwa ya rufe iyakar da aka zana masa, hukumar tasha tana da ikon hana shi tashi sai an rage kayan. Kafin a sami wannan zane an yi asarar rayuka masu yawan gaske.

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, nufina a nan shi ne in kawo muku labarin yadda gwamnatin Ingila ta koyi kula da lafiyar ma'aikatan jiragen ruwa da tsare rayukansu. Na zaɓi Ingila ne domin a ƙarni na 19 babu ƙasar da ta kai ta yawan jirage. Labarin kashi uku ne, amma darasinsa ɗaya: doka ba ta tsare rai sai gwamnati ta karɓe mudu daga hannun mai cin riba, ta damƙa shi ga ma'aikacinta, sa'an nan ta riƙa duba mudun kansa ko ya tsufa.

Kashi na farko labarin wata cuta ne da Turawa ke kira sikabi. A zamanin jiragen da iska ke turawa, mutane kan yi wata da watanni a teku ba abin da suke ci sai nama mai gishiri da busasshen biskit. Bayan kamar wata biyu zuwa uku sai kasala ta kama mutum, dasashinsa ya kumbura yana zub da jini, haƙora su yi ta girgiɗi, tsofaffin miyakun da suka warke su sake buɗewa. In ba a yi wani abu ba sai mutuwa. Yau mun sani rashin bitamin C ne ke kawo ta, watau sinadarin da ake samu a lemo da gwaiba da tumatir da ɗanyen ganye. A lokacin ba wanda ya san da wannan sinadari, domin sai a 1932 masana suka gane shi sosai. A tafiyar da George Anson ya yi ya kewaye duniya daga 1740 zuwa 1744, mutanensa fiye da 1,000 suka mutu, kuma cuta ce ta kashe yawancinsu, musamman wannan.

A 1747 wani likitan sojan ruwa mai suna James Lind ya ɗauki majinyata 12 a cikin jirgi, ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Waɗansu ya ba su ruwan khal, waɗansu ruwan teku, mutum biyu kuwa ya riƙa ba kowannensu lemun zaƙi biyu da lemun tsami ɗaya kullum. Cikin kwana shida ɗaya daga cikin biyun nan ya sami sauƙi har ya koma bakin aiki. Lind ya buga littafinsa a 1753, amma sai a 1795 hukumar sojan ruwa ta ba da umurni a riƙa raba wa sojojinta ruwan lemun tsami. Ku lissafa ku gani: shekara 48 tsakanin gwaji da umurni. Daga nan cutar ta kusa ɓacewa daga jiragen yaƙi, domin can gwamnati ce ke sayen lemon, ita ce kuma ke rabawa.

A jiragen 'yan kasuwa kuwa abin bai zo da sauƙi ba. Dokar jiragen kasuwanci ta 1854 ta wajabta wa masu jirage su ɗauki ruwan lemo saboda ma'aikatansu. To, amma wa zai duba abin da ke cikin tulun? Waɗansu masu jirage suka riƙa sayen mai araha, wanda aka surka da ruwa ko wanda ya lalace. A takarda an bi doka, a cikin jirgi kuwa mutane suna ta zub da haƙora. Likitocin asibitin ma'aikatan jirgi da ke Landan, cikinsu har da Harry Leach, suka yi ta kuka da yawan masu sikabi da ake kawo musu. A 1867 aka gyara dokar. Aka ce ba a yarda da ruwan lemon da za a sa a jirgi ba sai mai duba na Ma'aikatar Ciniki ya gwada shi ya ba da shaida, kuma da zarar jirgi ya kwana goma a teku, dole a ba kowane ma'aikaci oza ɗaya kullum. Bayan wannan gyara masu cutar da ake kawowa asibitin suka ragu ƙwarai. Magani bai sake ba, abin da ya sake shi ne an sa mai duba. A 1872 kuma aka yi dokar da ta kafa hukumomin tsabta a tashoshin jiragen ruwa, don a riƙa duba jiragen da ke shigowa saboda kwalara da sauran annoba. Leach ɗin nan shi ne ya zama likitan farko na tashar Landan a 1873.

Kashi na biyu shi ne labarin lodi. A tsakiyar ƙarni na 19 akwai masu jirage marasa imani da kan sayi ruɓaɓɓen jirgi, su shafa masa fenti, su yi masa inshora a kan kuɗin da ya fi darajarsa, sa'an nan su danƙara masa kaya har ruwa ya kusa kai bakinsa. In ya isa lafiya sun ci ribar kaya, in ya nutse sun ci kuɗin inshora. Har mutane suka laƙaba wa irin waɗannan jirage sunan akwatunan gawa. Abin takaici, ma'aikacin da ya sa hannu a takardar aiki, ya zo ya ga halin jirgin ya ƙi shiga, doka ta yarda a ɗaure shi a kurkuku. Watau zaɓinsa biyu ne, ko gidan yari ko ƙarƙashin teku.

Mutumin da ya ɗauki wannan magana a kansa shi ne Samuel Plimsoll, wanda aka zaɓa wakilin garin Derby a Majalisar Wakilai a 1868. Shi ba matuƙin jirgi ba ne, ɗan kasuwar gawayin kwal ne. Ya rubuta littafi a kan halin da ma'aikatan jirgi ke ciki, littafin ya tada hankalin jama'a, har gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 1873. Amma masu jirage suna da ƙarfi a majalisa, waɗansunsu ma wakilai ne. A watan Yuli na 1875 Firayim Minista Benjamin Disraeli ya sanar cewa an jingine shirin dokar. Plimsoll ya fusata, ya miƙe a zauren majalisa yana ɗaga murya, ya kira waɗansu wakilai miyagu. Daga baya ya nemi gafara saboda keta ladabin majalisa, amma jama'ar ƙasa suka goyi bayansa, tilas gwamnati ta dawo da maganar. A 1876 aka yi dokar da ta wajabta zana alamar lodi a jikin jirgi, alamar da har yau ake kira da sunansa.

Sai dai an bar wata ƙofa a buɗe. Dokar ta ce a zana alama, amma mai jirgi ne zai zaɓi inda za a zana ta. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Wanda ke son ƙarin lodi sai kawai ya sa a zana tasa can sama. Sai a 1890, bayan shekara 14, aka ba Ma'aikatar Ciniki ikon tsayar da ƙa'idar inda alamar za ta zauna a kowane jirgi. Kun ga dai abin da ya faru da ruwan lemo shi ne ya sake faruwa a nan.

Yana da kyau mu fahimci yadda alamar ke aiki. A gefen da'irar akwai waɗansu gajerun layuka jere kamar matakalar tsani. Dalili kuwa shi ne ruwa ba ɗaya ba ne. Wanda ya taɓa jefa ƙwai cikin kofin ruwan gishiri a ɗakin kimiyya ya ga yadda yake tasowa, alhali a ruwan famfo nutsewa yake yi. Haka jirgi yake: ya fi zurfafa a ruwan kogi, ya fi tasowa a ruwan teku. Saboda haka akwai layin ruwan daɗi, da na tekun ƙasashe masu zafi, da na rani, da na hunturu. Layin da ya fi kowane ƙasa shi ne na hunturu a arewacin tekun Atlantika, inda igiyar ruwa ta fi hauka, don haka a can ne aka fi taƙaita lodi. A 1930 ƙasashen duniya suka taru a Landan suka amince da ƙa'ida ɗaya ta wannan alama, aka kuma sabunta ta a 1966.

Kashi na uku shi ne labarin Titanic, wanda ya yi karo da dutsen ƙanƙara a daren 14 ga Afrilu 1912 a kan hanyarsa daga Ingila zuwa Amurka. Yana ɗauke da mutum fiye da 2,200, amma kwalekwalen cetonsa guda 20 ne, waɗanda ba za su ɗauki fiye da mutum 1,178 ba. Mutum fiye da 1,500 suka halaka. Abin mamaki, masu jirgin ba su karya doka ba. Ƙa'idar Ma'aikatar Ciniki ta 1894 ta ɗora yawan kwalekwale ne a kan girman jirgi, ba yawan mutane ba, kuma iyakar lissafinta shi ne jirgi mai tan 10,000 ko fiye, wanda aka ce ya ɗauki kwalekwale 16. Titanic kuwa ya haura tan 46,000. Jirage sun yi ta girma, doka tana nan inda aka bar ta shekara 18 da suka wuce. A wannan karon mudu yana hannun gwamnati, amma mudun ne ya yi kaɗan. Bayan haka, akwai wani jirgi kusa da wurin wanda mai kula da wayar iskarsa ya riga ya kwanta barci, saboda haka bai ji kiran neman agaji ba.

A watan Janairu na 1914 aka rattaba hannu a Landan a kan yarjejeniyar farko ta tsare rayuka a teku. Ta nemi a tanadi wurin zama a kwalekwalen ceto ga kowane mutum da ke cikin jirgi, a kuma riƙa sauraron wayar iska dare da rana a manyan jirage. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya hana ta fara aiki yadda aka so, sai aka sake yin wata a 1929. Wadda ake bi yanzu ita ce ta 1974, ana kuma yi mata gyara a kai a kai, don kada a maimaita kuskuren 1894.

Wani zai ce mu da muke nesa da teku ina ruwanmu da wannan? Ai muna da koguna. A watan Yuni na 2023 wani jirgin katako da ya ɗauko 'yan biki ya kife a kogin Neja kusa da Patigi a Jihar Kwara, mutum fiye da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Irin wannan hatsari yana faruwa a kogunanmu musamman da damina, kuma sau da yawa lodi fiye da ƙima, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto suna daga cikin dalilai. Mai jirgi ya san jirginsa ya cika, fasinja ma ya sani, amma wannan yana neman ƙarin kuɗi, wancan yana gudun kwana a bakin gaɓa. Abin da tarihin Ingila ya nuna shi ne ana bukatar mutum na uku, ma'aikacin hukuma wanda ba shi da rabo a kuɗin jirgi, ya tsaya a mashiga kowace ranar kasuwa ya ƙirga masu shiga, kuma in ya ce ya isa, maganarsa ta zauna.

Cikinmu akwai waɗanda gobe za su zama likitoci, da masu duba tsabta, da ma'aikatan hukumar ruwa, da wakilan majalisa. In Allah Ya kai mu, mu tuna cewa sa hannu a takardar shaida ba tare da an duba ba yana iya zama sanadin rayukan mutane ɗari. Iyayenmu kuma, in sun ga kwalekwale ya cika, ina roƙonsu su haƙura su jira na baya. Allah Ya kiyaye mu, Ya kai kowane matafiyi gida lafiya, amin.