Darasin Kiwo: Yadda Haske Ke Tsara Balagar Kaji

Mai kiwon kaji a Agege yakan lissafa kuɗin abinci da na rigakafi, amma sau da yawa yakan manta da haske, alhali kuwa shi ke tsara lokacin da budurwar kaza za ta fara ƙwai.

Tun a 1925 wani masani, William Rowan, ya nuna a ƙasar Kanada cewa tsawaita yini da fitila yana tayar da gaɓoɓin haihuwar tsuntsaye ko a tsakiyar hunturu. Dalili shi ne, haske yana ratsa ido da ƙoƙon kai ya isa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta saki sinadaran da ke motsa kwan kaza da marainan zakara.

A Legas tsawon yini kusan sa'o'i 12 ne duk shekara, kaza mai ƙwai kuwa tana bukatar kimanin 16. Cikon huɗun daga fitila zai fito, wato daga aljihun mai gona.

Ƙa'idoji biyu ne. Na farko, kada a tsawaita haske sai kaji sun kai kamar mako 18 kuma sun yi nauyi, sannan a riƙa ƙara rabin sa'a kowane mako. Wanda ya yi gaggawa zai sami ƙananan ƙwai marasa daraja a kasuwa, wasu kajin kuma duburarsu ta zazzago. Na biyu, kada a rage haske bayan sun fara ƙwai.

Saboda haka, tanadin janareta ko sola don lokacin ɗauke wuta jari ne, ba almubazzaranci ba.