Zaɓen reshe a mastar da batun riƙon kyanwa

Ɗalibin da ya kammala lisans a kimiyyar harsuna yana shirin shiga mastar yakan yi tambayoyi iri biyu. Akwai wadda yake yi a fili, a gaban malamai: wane reshe zan bi? Akwai kuma wadda ake yi a gindin bishiya wajen shan shayi, cikin raha: yanzu da na bar ɗakin kwanan jami'a na kama haya a gari, ga ɓeraye sun fara yi wa takarduna ɓarna, ko in samo kyanwa? Ta farko akan amsa ta da jerin sunayen darussa, ta biyu kuwa da dariya. A ganina amsoshin biyu daga wuri ɗaya suke fitowa, wato a ina ɗalibi zai kwana cikin shekaru biyu masu zuwa, kuma kwana nawa zai yi ba ya ɗakinsa.

Mu fara da lissafin lokaci. A tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce, mastar shekara 2, wato zango huɗu da kiredi 120, doktora kuma shekara 3 a kan takarda. Zangunan farko darussa ke cinye su, saboda haka abin da ya rage wa kundin bincike bai kai yadda ake zato ba, ballantana kowa ya san shekarar karatu ba kullum take ƙarewa a watan da aka rubuta ba. Akwai kuma bambanci tsakanin mastar ta bincike, wadda ke buɗe ƙofar doktora, da mastar ta sana'a, wadda ke shirya mutum ga aiki. Wanda ke da burin koyarwa a jami'a ya tabbatar da wace iri ce ya shiga tun ranar rajista.

Kalma ɗaya, hanyoyi da yawa

Tun da kyanwa ce ta shigo cikin zancen, bari mu yi amfani da sunanta mu ga yadda kowane reshe yake tafiyar da rayuwar mai binsa.

Mai nazarin furuci da tsarin sauti zai tsaya a kan gaɓar farko ta kalmar kyanwa. Tana ɗauke da karin sauti mai faɗuwa, wanda a Hausa ba ya sauka sai a kan gaɓa mai nauyi. Aikinsa yana buƙatar ƴan masu magana, na'urar ɗaukar murya mai kyau, ɗaki marar hayaniya, da manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Amsterdam kuma ake samunta kyauta. Yawancin kwanakinsa a gaban kwamfuta zai yi su. Haka shi ma mai ƙirar kalma da ginin jimla. Shi zai lura cewa mage sunan tamata ne alhali bai ƙare da wasalin a ba, shi ya sa muke cewa kyanwar gida amma magen gida, kamar yadda muke cewa macen kirki. Zai lura kuma cewa kyanwa ce sunan jinsin baki ɗaya, namijin kuwa yana da nasa suna dabam, muzuru. Irin wannan ɗalibi abokan hirarsa su ne ƙamusun Bargery na 1934, da nahawun Paul Newman na 2000, da na Philip Jaggar na 2001, tare da kunnensa na ɗan harshe. Zai iya gama kundinsa bai yi nisa da ɗakin karatu ba.

Mai nazarin karin harshe kuwa tambayarsa ta ƙafa ce. A ina ake cewa kyanwa, a ina ake cewa mage, a ina ake cewa mussa? Shin iyakar mussa ta bi iyakar munka da sunka, da na da ta a madadin ne da ce, da hwari a madadin fari, ko kowace tana da tata iyakar? Ba littafin da zai ba shi cikakkiyar amsa, sai ya je. Bernard Caron bai rubuta littafinsa kan Hausar Adar, wanda ya fito a 1991, daga kan tebur kawai ba. Daga Yamai zuwa Tawa ya haura kilomita 500, zuwa Maraɗi ya haura 600, zuwa Damagaram kusan 900, kuma waɗannan manyan birane ne, ba a yi maganar ƙauyukan da tsofaffin masu magana suke ba. Lokacin tafiyar ma yana shafar sakamako. Da damina mutane suna gona, ba mai zama ya amsa tambayoyi ɗari biyu. Bayan kaka kuma samari da yawa sun tafi cin rani, sai mai bincike ya tarar da dattawa da mata da yara, ya koma ya rubuta cewa ga yadda mutanen gari kaza ke magana, alhali rabin gari bai ji bakinsu ba. Idan ya dawo, rubuta abin da ya ɗauka a ELAN zai ci masa lokaci fiye da tafiyar kanta, domin hirar awa ɗaya tana iya cin kwanaki kafin a gama rubuta ta da karin sauti da tsawon wasali.

Wani kuma zai ji mussa ya tuna da muusu na Zabarmanci, da muus na Wolof, da makamantansu a Larabcin Magrib da harsunan Berber. Aro ne ya bi hanyoyin fatake, ko kwaikwayon sautin kiran dabbar ne ya haɗa su? Tambaya ce mai daɗi, amma ta fi ƙarfin shekara biyu in ba a yanke mata iyaka ba. Ita ce irin wadda ke sa ɗalibi ya kai shekara huɗu yana cewa saura babi ɗaya.

Sai reshen aiki da harshe: koyarwa, fassara, ƙamus, ƙirƙirar kalmomin fannoni. Wannan reshe yana da tarihi a ƙasarmu tun daga makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka soma a Damagaram a 1973, da ayyukan INDRAP, da ƙamusun Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan ya sa idon ɗalibai da yawa ya koma nan, kuma ba laifi. Sai dai dokar da ta ɗaukaka harshe ba takardar ɗaukar aiki ba ce. Wanda ya zaɓi wannan reshe ya fito da abin da za a iya riƙewa a hannu: jerin kalmomin shari'a ko na kiwon lafiya da aka gwada a bakin masu amfani da su, ko littafin aji da aka koyar da shi aka ga inda yara suka tuntuɓe.

Malami, harshe da ƙetare

Bayan reshe, abin da ya fi komai nauyi shi ne malamin da zai duba aiki. Ɗalibai sukan bi babban suna, amma babban suna yakan zo da tafiye-tafiye da tarin ɗalibai. Kafin ka nemi malami, karanta maƙala ko biyu daga cikin abin da ya wallafa, ka ga ko irin tambayoyinsa suna motsa ka. Sannan ka tambayi waɗanda suka riga ka, cikin ladabi, tsawon lokacin da babi yake yi a hannunsa kafin ya dawo, da ko yana dawowa da jan biro a jiki. Malamin da ke tsananta gyara ya fi kyanwar Lami, wadda ba cizo ba yakushi, domin abin da bai faɗa maka a ofis ba, alƙalai za su faɗa maka a bainar jama'a ranar kare kundi.

Sai batun harshen karatu. Mun taso da Faransanci, amma mafi yawan manyan ayyukan nahawun Hausa da na harsunan dangin Cadi da Ingilishi aka rubuta su. Wanda ba ya iya karanta Ingilishi ya soma tun zangon farko, ko da ba zai iya magana da shi ba.

Ga masu tunanin ƙetare, jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya da Katsina suna da sassan da ake koyar da Hausa da Hausa, a kuma rubuta kundi da ita, kuma daga Maraɗi Katsina ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Ribar a fili take: kalmomin fanni irin su ginin jimla da walwalar harshe a can suka zauna. Amma a bincika matsayin takardar shaidar a gida kafin a biya kuɗin rajista, a kuma shirya wa bambancin rubutu, domin abin da ƙa'idarmu ta 1999 ke rubutawa da ƴ, su da 'y suke rubuta shi. A Faransa kuma INALCO da ke Paris tana koyar da Hausa.

Yanzu ga kyanwar

Duk wannan lissafi shi ne ke yanke hukuncin kyanwa. Kyanwar da ake kula da ita tana iya kai shekara 12 zuwa 15, wato ta fi mastar da doktora a haɗe. Dabba ce mai riƙe wuri, ƙaura tana damunta, shi ya sa wadda aka kai sabon gida takan yi ƙoƙarin komawa tsohon idan ba a tsare ta a ciki na ƴan makonni ba. Ɗalibin ginin jimla da zai zauna a ɗaki ɗaya shekara biyu yana iya riƙe ta cikin sauƙi, har ta zame masa abokiyar zaman dare. Ɗalibin karin harshe da zai yi wata biyu tsakanin Dogondutsi da Madawa ba shi da wannan dama sai in akwai wanda zai bar wa ita. Ba kuma “wani zai duba ta” ake nufi ba. Mutum ake nufi mai suna, wanda aka tambaya ya yarda, kuma shi ma ba zai tafi hutu a lokacin ba. Kulle ta a ɗakin kwano da kwanon ruwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kisa ne. Hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba, yana cikin Buhari da Muslim, kuma kusan kowa ya taɓa jin sa.

A tambayi mai gida da abokan zama tun da wuri. Wasu suna ƙin ta saboda kaji da tantabaru, wasu saboda camfin da ke haɗa baƙar kyanwa da maita, wasu kuma gashinta ke tayar musu da atishawa ko asma. Ba a gyara wannan da gardamar ilimi a tsakar gidan haya.

Abincinta shi ne wurin da aka fi kuskure. Kyanwa maciyiyar nama ce ta asali. Jikinta yana buƙatar sinadarin taurin da ake samu a nama da kifi, rashinsa kuwa yana kawo makanta da ciwon zuciya, saboda haka sauran tuwo da shinkafa ba za su riƙe ta ba. Sauran miya ma akwai haɗari, domin albasa da tafarnuwa suna lalata mata ƙwayoyin jini. Madarar da ake ɗauka abincinta ce takan sa manyan kyanwoyi zawo. Parasetamol kuwa, wanda ba ɗakin ɗalibin da babu shi, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Haka maganin ɓera, idan ta ci ɓeran da ya ci shi, da magungunan ƙwari masu ɗauke da permetirin. Wanda kuɗin burs ba ya kai shi ƙarshen wata ya lissafa kan kifi da kayan ciki a cikin cefanensa kafin ya karɓi ƴar kyanwa, kuma kada ya raba ta da uwarta kafin ta yi mako 8.

Allurar rigakafin haukan kare ana yi mata ita daga wata 3, a wurin likitan dabbobi, kuma a ajiye takardar. Wanda kyanwar da bai sani ba ta ciza ko ta yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya je likita a ranar. Ɗaliba mai juna biyu ta bar wa wani kwashe kashin kyanwa saboda cutar toksoplasmoz. Idan ba makawa, a kwashe shi kullum a wanke hannu, domin ƙwayar cutar sai ta kwana ɗaya ko fiye kafin ta iya kama mutum. Sannan tamata tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida, cikin kwana 63 zuwa 65 ne, kuma tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara. Wanda ya karɓi ɗaya a zangon farko bai nemi a yi mata aikin hana haihuwa ba, zai iya kare kundinsa da garke a ƙarƙashin gado. Muzurun da ba a fiɗiye ba kuma ga yawon dare, ga faɗa, ga fitsari a bango, ga kukan da zai shiga cikin muryar da mai nazarin furuci ya sha wahala ya ɗauka.

Game da takardun da aka samo ta dominsu, ɓera kam zai rage. Gara da yoyon rufi da ɓarawon kwamfuta kuwa ba ruwansu da ita, don haka muryoyin da aka ɗauko daga ƙauye a ajiye su wuri uku, ɗaya daga ciki a wajen ɗakin.

Mai niyyar doktora a Turai ya san cewa shigar da kyanwa Tarayyar Turai daga ƙasa irin tamu yana buƙatar a dasa mata ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a yi allurar haukan kare, a ɗebi jininta bayan aƙalla kwana 30 a gwada shi a ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Wato shirin tafiyarta zai soma kafin takardar karɓar mai ita ta iso, kuma ɗakunan kwanan ɗalibai da yawa a can ba sa karɓar dabbobi.