Yadda Ake Rubuta Hausa, Larabci da Faransanci da Kibod Ɗin Kan Allo a Windows

Yawancin kwamfutocin da ake sayarwa a Najeriya haruffan Turanci kawai ke jikin madanninsu. Shi ya sa ake rubuta "baki" a wurin "baƙi", ko "kafa" a wurin "ƙafa", ma'ana ta sauya. Windows 10 da 11 suna da kibod da ke fitowa a kan allo, wanda ke nuna haruffan duk harshen da aka zaɓa.

Matakai

1. A shiga Settings, sai Time & language, sai sashen Language, a danna Add a language, a zaɓi Hausa, Arabic ko French.
2. A danna Windows + Ctrl + O tare, kibod ɗin zai fito. Ko a danna Windows + R, a rubuta osk.
3. A danna Windows + Space don sauya harshe. Nan take haruffan kan allon za su canja.

Hausa: A danna AltGr, wato Alt na hannun dama, sannan b, d ko k, za a samu ɓ, ɗ, ƙ. Da y kuma ana samun ƴ, wadda ake rubutu da ita a Nijar. Idan an haɗa da Shift, manyansu ne za su fito.

Larabci: A nan kibod ɗin ya fi amfani, domin mutum yana ganin inda kowane harafi yake. Wasulla suna ƙarƙashin Shift: a tsarin Arabic 101, Shift + Q ne fataha, Shift + A kisira, Shift + E rufu'a. A Word, Ctrl da Shift na dama suna mayar da rubutu daga dama zuwa hagu.

Faransanci: Tsarin AZERTY yana musanya wurin A da Q, da kuma Z da W.

A kula

Idan an bar kwamfuta a kan Larabci ko Faransanci, kalmar sirri za ta iya ƙin shiga, saboda haruffan da ake dannawa ba su ne ke shiga ba. Wasu shafukan banki suna rufe asusu bayan kuskure kaɗan. Don haka a duba alamar harshe a ƙasan allo ta dama, a tabbatar tana kan ENG kafin a rubuta kalmar sirri.