Maganin Ƙwari: Ire-Irensa da Hanyoyin Kare Kai

Gabatarwa

Bahaushe kan kira abin da ke warkar da cuta "magani", haka kuma abin da ke kashe ƙwari yakan ce da shi "maganin ƙwari". Sai dai na biyun guba ne. Wannan maƙala za ta yi tsokaci a kan siffofinsa guda uku, domin kowace siffa da ƙofar da take bi ta shiga jikin ɗan Adam.

1. Na Ruwa

Shi ne wanda ake sirkawa a yi feshi da shi, kamar Sniper. Yakan shiga jiki ta fata, musamman lokacin haɗawa, kafin a sirka shi. Don haka a sa safar hannu da takalmin roba da riga mai dogon hannu. Idan bakin injin feshi ya toshe, kada a busa shi da baki. Sinadarin da ke cikin Sniper, wato dichlorvos, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya a 2015. A 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni.

2. Na Gari

Wannan ta hanci da ido yake shiga, saboda iska na kwasar sa. A rufe hanci da baki, a ba iska baya, kuma kada a barbaɗa shi da hannu tsirara.

3. Na Ƙwaya

Misalinsa Phostoxin da ake sa wa hatsi. Da zarar ya ji danshi sai ya riƙa fitar da iska mai guba wadda kan kashe mutum cikin barci. Kada a ajiye buhunan da aka sa wa shi a ɗakin kwana ko kusa da shi.

Idan Tsautsayi Ya Auku

A cire tufafin, a wanke jiki da ruwa da sabulu. Kada a ba wanda ya sha madara ko manja, kada kuma a tilasta masa yin amai. A garzaya da shi asibiti tare da kwalbar, don likita ya san irin gubar.

Kammalawa

Kwalbar da ta ƙare a huda ta, kada ta koma ta ruwan sha ko ta man gyaɗa. Mu da ke karatun Hausa za mu iya karanta wa manoma gargaɗin da ke jikin kwalba da harshen da suke ji. Rigakafi dai ya fi magani.